Agajin gwamnatin mulkin mallaka ga Mi'kmaq a Nova Scotia

Mi'kmaq su ne 'yan asalin gabar gabashin Kanada ta yau, musamman Nova Scotia da tsibirin Cape Breton. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa 1867, gwamnatin Ingila da ke Halifax, babban birnin Nova Scotia, ta riƙa ba matalauta da marasa lafiya daga cikinsu ɗan agaji, galibi a lokacin hunturu.

Talaucin ya yi tsanani ne bayan 1783, sa'ad da dubban masu biyayya ga Sarkin Ingila suka baro Amurka suka mamaye bakin koguna da dazuzzukan da Mi'kmaq ke kamun kifi da farauta. Madatsun injinan niƙa suka tare hanyar kifi, namun daji suka ragu, ga agana da tarin fuka suna ta ɗibar mutane.

Kayan agajin ba su taka kara sun karya ba: barguna, rigunan sanyi, gari, dankalin turawa na ci da na iri, wani lokaci albarushi da harsashi. Majalisar dokoki ce ke ware kuɗin, kuma da ƙyar, don 'yan majalisa da dama na ganin kyauta tana koya wa mutum zaman kashe wando. Likitocin da suka duba marasa lafiya sukan aika wa majalisar takardar neman biya, a yi ta ja-in-ja a kanta.

A 1841 wani shugaban Mi'kmaq, Louis-Benjamin Peminuit Paul, ya rubuta wa Sarauniya Victoria koke cewa mutanensa sun talauce, babu sauran wurin farauta. Shekarar da ta biyo baya aka kafa doka kan ilimantar da su da zaunar da su wuri guda, aka naɗa Joseph Howe kwamishinan harkokinsu, da kasafin fam 300 a shekara. Manufar ita ce a mai da su manoma. Sai cutar dankali ta ɓulla daga 1845 ta lalata gonakin da aka fara, kuɗin da aka so kashewa kan noma ya koma sayen abinci da magani. A zamanin kwamishina William Chearnley, daga 1853, kusan barguna da rigunan sanyi kawai ake rabawa, alhali baƙi na ci gaba da cinye filayen da aka keɓe wa Mi'kmaq, ba mai hana su.

Da aka kafa tarayyar Kanada a 1867, harkokin 'yan asalin ƙasa suka koma hannun gwamnatin tarayya a Ottawa.