Kujerar darakta ba sarauta ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka zama a kwamitin daraktocin kamfani girmamawa ce kawai: a nemo dattijo mai suna, ya halarci taro, ya karɓi alawus. Wannan fahimta tana damuna, domin dukiyar jama'a ke salwanta a dalilinta.

Darakta amana ya ɗauka. Shi ke sa ido kan manajan darakta, wato mai gudanar da kamfanin yau da kullum, ya karanta lissafin kuɗi da kansa, ya ce a'a idan an kauce hanya. In ya yi sakaci, kotu na iya kama shi. Shi ya sa dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta hana shugaban kwamitin kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki ya zama shi ne kuma mai gudanar da kamfanin.