Waiwaye: Farfaɗiya da Rayuwar Yaranmu a Bauchi

A unguwarmu da ke cikin garin Bauchi na tashi ina ganin yadda ake darewa idan farfaɗiya ta kayar da yaro. Iyaye su janye 'ya'yansu, a ce kada a taɓa kumfar bakinsa, wai a nan ake ɗauka. Wani ya ce bugun iska ne, wata ta ce jifa aka yi masa. A gida a ware masa kwano da moɗa. Cutar kuwa ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta numfashi.

Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitocin Girka suka rubuta cewa daga ƙwaƙwalwa take tasowa, daga baya likitocin Musulmi, Ar-Razi da Ibn Sina, suka faɗaɗa bayaninta. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, na matar da ta kawo wa Manzon Allah (SAW) kukan farfaɗiya. Ta zaɓi haƙuri da Aljanna, sai dai ta roƙi ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, ya kuwa yi mata. Ta iya jure ciwon, mutuncinta a idon jama'a ne ba ta yarda ya zube ba. Yaranmu ma nan ne ya fi yi musu zafi.

Magani ya daɗe da samuwa. A 1912 aka fara amfani da fenobabiton a Jamus, kuma har gobe yana cikin mafi araha. Daga nan likitoci suka shafe shekaru suna auna nasara da ƙirga faɗuwa: sau nawa a wata? Sai can baya aka fara tambayar ko yaron yana zuwa makaranta, ko yana da abokai, ko ƙwayar tana sa shi gyangyaɗi a aji. A 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da manyan ƙungiyoyin farfaɗiya biyu suka ƙaddamar da gangamin fito da cutar fili, a 2022 kuma ƙasashe suka amince da shirin aiki da zai kai 2031. Hukumar ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

A nan wajenmu, da yawa daga musabbabanta abubuwa ne da ake iya karewa: doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, buguwar kai a hatsarin acaɓa, da sanƙarau, irin annobar 1996 da ta kashe dubbai a Arewa.

Ga magani, amma ina yaron yake? Sau da yawa an cire shi daga boko da islamiyya saboda iyayen wasu sun yi ƙorafi. Wani nau'in farfaɗiyar ma ba ya kayarwa. Yaro ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi kamar ya tafi tunani, malam ya ɗauka rashin ji ne ya zabga masa bulala. Budurwa ana tura ta bakin murhu da rijiya ita kaɗai, ga tabon ƙuna, ga ɓoye maganar don kada manema su gudu. Uban da ya taso daga Ningi ko Toro zuwa Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sha kuɗin mota kafin na magani, don haka da faɗuwa ta lafa sai a ajiye ƙwayar. Tsayar da ita farat ɗaya kuwa na iya tayar da jijjiga mai tsanani.

Ban ce a bar addu'a ba. A haɗa ta da ƙwaya a kan lokaci. In yaro ya faɗi, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa. A rufe masa jiki, a kori 'yan kallo. In jijjigar ta wuce minti 5, a nufi asibiti.