Karatun Likitanci a Ƙasar Waje: Daga Ina Kuɗin Zai Fito?

Duk shekara dubban yara ke neman gurbin likitanci a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri, guraben kuma ba sa isa. Wanda ya ci maki mai kyau ya rasa wuri, sai hankalin gidansu ya koma Masar, Rasha, Indiya ko Turkiyya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne iyaye da ɗalibai suka fi yi idan maganar ta zo kan kuɗi.

Nawa karatun ke ci gaba ɗaya?

Ya danganta da ƙasa, kuma tazarar da ke tsakani babba ce ƙwarai. A Masar, Rasha da Jojiya, kuɗin makaranta kaɗai yakan kama daga wajen dala 4,000 zuwa 8,000 a shekara. A Birtaniya, shekarun shiga asibiti a wasu jami'o'i sun haura fam 50,000 a shekara ga baƙo, guraben da aka ware wa 'yan ƙasar waje kuma kaɗan ne. Amurka tata daban ce: ba a shiga likitanci daga sakandare, sai an yi digirin farko na shekara 4, an zauna jarrabawar MCAT, sannan a ƙara wasu 4, a makarantun da masu zaman kansu ke karɓar fiye da dala 60,000 a shekara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tambayi kuɗin shekarar farko a tsaya nan. Likitanci shekara 6 ne a yawancin ƙasashe. Inda ake koyarwa da harshen ƙasa, kamar Turkiyya ko Rasha, akan ƙara shekara guda ta koyon harshe. Masar ta sauya tsarinta tun 2018 zuwa shekara 5 na karatu da 2 na horo a asibiti. A kan kuɗin makaranta a ɗora haya, abinci, inshorar lafiya, sabunta takardar izinin zama duk shekara, tikitin jirgi, kayan sanyi ga mai zuwa ƙasar ƙanƙara, da kuɗin maimaita darasi idan an faɗi. Jimillar waɗannan sau shida ko bakwai, ita ce farashin karatun.

Me ya sa ake cewa a yi lissafin da dala?

Domin da dala za a biya, alhali uba da naira yake samu. Kafin watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, kuma iyaye na cike Form A a banki su biya kuɗin makaranta a wannan farashi. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Makarantar da ke karɓar dala 6,000 ba ta ƙara ko sisi ba, amma uban da ke biyan naira miliyan 2.76 ya wayi gari ana neman miliyan 9 a hannunsa. Gidaje da yawa a lokacin suka sayar da filaye da motoci, wasu kuma suka ce wa yaro ya dawo yana aji uku ko huɗu.

Wannan dawowar ita ce asarar da ta fi ciwo. A wasu fannoni mutum kan iya cin moriyar abin da ya koya ko bai kammala ba. Likitanci ba haka yake ba: wanda ya tsaya a shekara ta huɗu ba shi da takardar da zai nemi aiki da ita, makaranta kan riƙe sakamakonsa har sai an biya bashinta, kuma jami'ar da zai koma ba lallai ta karɓi shekarun da ya yi ba. Don haka duk wanda ke da hali, ya mayar da kuɗin aƙalla shekara biyu na gaba zuwa dala ya ajiye a asusun kuɗin waje, kada ya jira lokacin biya ya nufi 'yan canji.

'Yan Nijar, Kamaru da Cadi suna da ɗan sauƙi a nan, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya. Ga su, makarantar da ke karɓar yuro ta fi sauƙin lissafi.

Akwai tallafin karatu da ke ɗaukar nauyin komai?

Akwai, amma a digirin farko na likitanci ba su da yawa, kuma gasar ta yi tsanani. Sanannun irin su Chevening na Birtaniya na masu digiri na biyu ne, ba sa ɗaukar mai neman zama likita daga tushe. Waɗanda suka dace da ɗalibinmu galibi na gwamnatoci ne.

Türkiye Bursları na gwamnatin Turkiyya yana biyan kuɗin makaranta, masauki, inshora, tikiti da ɗan kuɗin kashewa, da shekarar koyon Turkanci. Ana buɗe shi a farkon shekara, mai neman likitanci sai sakamakonsa ya kai kashi 90 cikin 100, kuma shekarunsa ba su kai 21 ba. Hungary tana da Stipendium Hungaricum tun 2013, wanda ke kai ɗalibai jami'o'i irin su Semmelweis, Debrecen, Szeged da Pécs, sai dai dole hukumar ƙasarku ta tura sunanka. Rasha na raba guraben kyauta duk shekara, waɗanda ke ɗauke kuɗin makaranta amma su bar wa ɗalibi yawancin ɗawainiyar rayuwa. Kuba ta buɗe makarantar ELAM a 1999 don horar da 'ya'yan talakawa na ƙasashe masu tasowa kyauta, da harshen Sifaniyanci.

Akwai kuma ƙasashen da karatun kansa ke da arha. Jami'o'in gwamnati a Italiya na koyar da likitanci da Turanci ga wanda ya ci jarrabawar IMAT, kuma kuɗin makaranta gwargwadon samun gida ake yanke shi. Yawancin jami'o'in gwamnatin Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma da Jamusanci ake karatun, kuma kafin biza sai an zuba kusan yuro 12,000 na shekara guda a asusun da ake sakin sa wata-wata.

To gwamnatocinmu fa?

A nan sai an buɗe ido. Shekaru da dama Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya na tura ɗalibai Rasha, Maroko, Aljeriya, Hungary da wasu ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar BEA: ƙasar da ta karɓe su ta ɗauke kuɗin makaranta, Najeriya ta ba su alawus. Alawus ɗin ya riƙa makara na watanni, a 2024 aka zaftare fiye da rabinsa, a 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da tura sababbin ɗalibai.

Jihohi irin su Kano da Jigawa sun tura ɗalibai da yawa karatun likitanci a waje, mata musamman, kuma asibitocinmu na cin gajiyar wasunsu yau. Matsalar ita ce wa'adin gwamna shekara 4 ne, karatun kuma 6. Wasu ɗaliban Kano da aka tura jami'ar Near East da ke arewacin Cyprus sun kammala amma aka riƙe takardunsu na tsawon shekaru saboda bashi, sai a 2025 gwamnatin jihar ta biya suka karɓa. Ban ce a ƙi tallafin jiha ba, ai dama ce babba. Amma uba ya tambaya ko an biya makarantar kuɗin shekarun duka ne ko shekara-shekara za a riƙa biya, ya karanta takardar alƙawarin yi wa jiha aiki bayan kammalawa, kuma ya tanadi abin da zai riƙe yaron idan alawus ya tsaya wata shida.

Za a iya cin bashi?

Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND na masu karatu a makarantun gwamnati ne a cikin Najeriya, ba ya bin ɗalibi waje. A Amurka baƙo ba ya samun lamunin gwamnatin tarayya, bankuna kuma galibi sai an kawo ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin ya tsaya masa. Wasu makarantun can ma sai sun ga an ajiye kuɗin shekara ɗaya zuwa huɗu kafin su yi rajista.

Ko da bashin ya samu, a duba abu biyu. Na farko kuɗin ruwa, wanda Musulmi ke gudu saboda riba. Na biyu, bashin dala ne, albashin sabon likita a gida kuma naira ne, kuma ba zai fara shigowa ba sai bayan shekara bakwai ko takwas. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana da shirin da ke ba ɗaliban al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba, irin su Ghana, rance marar ruwa don karatu har da likitanci, wanda ake mayarwa cikin asusun waƙafi na ƙasar domin wasu su amfana. Da masu hannu da shuni da hukumomin zakka a Arewa za su kafa irin wannan, da an rage yaran da ke dawowa rabin hanya.

Yaro ba zai iya aiki a gefe ya taimaka wa kansa ba?

Kaɗan. Birtaniya ta yarda da awa 20 a mako lokacin karatu, Amurka ma haka amma a cikin makaranta. A shekarun shiga asibiti ɗalibi na zagayen ɗakin majinyata tun safe, da dare yana kan littafi. Aikin gefe zai iya sayen abinci da katin waya. Kada a sa shi cikin lissafin kuɗin makaranta.

Likitancin haƙori ya fi sauƙin kuɗi?

A Turai galibi shekara 5 ne, an rage guda. Sai dai kuɗin shekara kan yi daidai da na likitanci ko ya ɗara, kuma a makarantu da yawa ɗalibi ne ke sayen kayan aikinsa da kayan gwaji. A tambayi wannan a rubuce kafin a biya.

Idan aka samu makaranta mai arha sosai, me za a duba?

A fara duba ko sunanta na cikin kundin makarantun likitanci na duniya da ƙungiyar ilimin likitanci ta duniya, WFME, ke kula da shi, sannan a tambayi Hukumar Likitoci ta Najeriya, MDCN, ko tana karɓar takardarta. Duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a ba shi lasisin wucin gadi ya yi shekarar sanin makamar aiki, kuma akwai zaman da kusan rabin masu rubutawa suka faɗi. Makarantar da ɗalibi bai taɓa majinyaci ba saboda bai iya harshen mutanen garin ba, arharta za ta fito a wannan jarrabawa.

A duba zaman lafiyar ƙasar kuma. Yaƙin Ukraine ya ɓarke a Fabrairun 2022, ɗalibai suka tsere ta Poland da Romaniya, MDCN kuma ta ce ba za ta amince da karatun likitanci ta intanet ba. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso 'yan Najeriya daga Khartoum ta iyakar Masar da Port Sudan, da yawansu ɗaliban likitanci 'yan Arewa. Wasu sun koma aji na baya a wata makarantar, suka sake biyan shekarun da aka riga aka biya. Ɗalibi ya riƙa karɓar takardar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, ya aiko da kwafi gida.

Dillalai kuma, akwai na kirki, amma kuɗin makaranta asusun makaranta ake tura shi kai tsaye a karɓi rasiti daga gare ta. Wanda ya ce a tura masa shi zai biya, ko ya yi alƙawarin tallafi "bayan an isa", a rabu da shi.

Muna da kuɗin shekara biyu, sauran muna fatan Allah Ya hore. Mu tura shi?

Shawarata a dakata. Tawakkali gaskiya ne, amma an ce a ɗaure raƙumi tukuna. A zauna da 'yan uwan da suka ce za su taimaka, kowa ya faɗi adadin da zai bayar da shekarar da zai bayar, a rubuta. Idan jimillar ba ta kai ƙarshen karatun ba, a yi amfani da shekara guda: yaron ya sake zama JAMB, ya nemi tallafin Turkiyya, Rasha da na jiharsa a lokaci guda, a kuma kwatanta da kuɗin jami'o'i masu zaman kansu na cikin gida, waɗanda duk tsadarsu da naira ake biya kuma ba a buƙatar jarrabawar masu dawowa daga waje. Akwai kuma hanyar kammala digirin likitanci a gida, sannan a fita neman ƙwarewa, inda a ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka likitan da ke horo albashi ake biyansa.