Jaba da malam-buɗe-littafi: a daina zuba guba barkatai

A zagayen da nake yi cikin gonaki a wannan damina, abu ɗaya na riƙa tararwa: an watsa shinkafar ɓera a gindin rumbu, washegari a kwashi matattun jaba ana murna, ko kuma a yi wa wake feshi da tsakar rana yana cikin fure, har malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma su ɗauke ƙafa daga gonar. 'Yan'uwa manoma, wannan zuba guba kafin a san abin da ake kashewa ya isa haka.

Jaba ba ɓera ba ce. A rabon da masana suka yi wa dabbobi, tana cikin dangin Soricidae, kuma ta fi kusa da bushiya fiye da ɓera. Haƙoranta masu tsini ne irin na mai farauta, abincinta kuwa kyankyasai, gyare, gara da tsutsotsi. Na yarda warinta ba daɗi, amma ba ita ke huda buhun gero ba; wanda ya kashe ta ya kori mai gadinsa ne da hannunsa. Malam-buɗe-littafi shi kuwa ƙwaro ne na rukunin Lepidoptera. Irin mai ruwan goro da muke yawan gani, Danaus chrysippus, tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, ba masara ba.

Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sanya babbar jabar Afirka, Crocidura olivieri, cikin halittun da ba a fargabar ƙarewarsu, sai dai wannan ba lasisin kisa ba ne. Wani ɗan'uwan wannan malam-buɗe-littafi mai ruwan goro, wanda ke ƙaura tsakanin Kanada, Amurka da Meziko, an taɓa ganinsa ba iyaka, amma a 2022 ƙungiyar ta sa shi cikin masu fuskantar haɗari, kuma maganin feshi na cikin dalilan.

Ban hana ku yaƙi da tsutsar masara da ta shigo mana a 2016 ba, domin ɓarnarta a fili take. Abin da nake roƙo shi ne a duba ganye tukuna, a kawo wa malamin gona abin da aka gani, a yi feshi da yamma bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba, a bar wake idan yana fure. Ɓera kuma a ɗana masa tarko a cikin rumbu, a toshe ramukansa.