Ƙungiyoyin Masu Gidaje a Amurka da Hayar 'Yan Yawon Hutu

Ƙungiyar masu gidaje, wadda a Amurka ake taƙaita sunanta da HOA, ita ce ke tafiyar da rukunin gidaje: tana gyara tituna da wurin ninƙaya, tana biyan masu gadi, tana karɓar kuɗin wata daga kowane mai gida. Duk wanda ya sayi gida a irin wannan rukuni ya zama ɗan ƙungiya, ko ya so ko ya ƙi, domin sharuɗɗan suna rubuce a ofishin rajistar filaye na gunduma, kuma suna bin gidan daga hannu zuwa hannu. Fiye da mutum miliyan 70 ne ke zaune ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi.

Bayar da gida haya ga 'yan hutu tsohon abu ne, amma intanet ta yawaita shi. Shafin neman gidan haya na Vrbo ya fara a 1995, na Airbnb kuma a 2008. Maƙwabta suka shiga kukan hayaniyar dare, da shara, da motocin baƙi da ke tare wurin ajiya. Masu gidajen haya kuwa suna cewa gida nasu ne, da kuɗinsu suka saya.

Rikicin kalmomi a kotu

Yawancin tsofaffin takardun sun ce kawai gidan "na zama ne", ba na kasuwanci ba, don an rubuta su tun babu wanda ya yi tunanin Airbnb. To, baƙon kwana uku zama ya yi ko ciniki aka yi da shi? Kotuna sun rabu. A 2018 Kotun Ƙolin Teksas ta goyi bayan wani mai gida mai suna Tarr a kan ƙungiyar Timberwood Park da ke kusa da San Antonio: muddin baƙi ci da barci suke yi a gidan, zama ne, komai gajartarsa. A 2018 ɗin dai Kotun Ƙolin Kentucky, a shari'ar Hensley da Gadd, ta ga abin ya fi kama da otal, ta ce ya saɓa wa sharuɗɗan wurin.

Ganin haka, ƙungiyoyi suka koma gyaran takardunsu ta hanyar ƙuri'a. Nan ma ba a rasa turjiya ba. A 2014 Kotun Ƙolin jihar Washinton ta soke haramcin gajeriyar haya da ƙungiyar Chiwawa ta ƙaƙaba, ta ce rinjaye ba zai ɗora wa tsiraru sabon nauyin da bai da tushe a sharuɗɗan asali ba. Kotun Ƙolin Arizona ta bi irin wannan hanya a shari'ar Kalway ta 2022: dole gyaran ya zama abin da mai saye zai iya hangowa tun ranar da ya sa hannu.

Wasu jihohin sun shigar da majalisa cikin zancen. Daga 1 ga Janairu 2021, dokar Kalifoniya ta hana ƙungiya rage gidajen haya su gaza kashi 25 cikin ɗari na rukunin, amma ta bar mata ikon haramta hayar kwana 30 ko ƙasa da haka. A Filorida, sabon sharaɗin haya da aka kafa bayan 1 ga Yuli 2021 bai hau kan tsohon mai gida sai ya yarda, in ban da hana hayar da ba ta kai wata shida ba, ko hana bayar da gida fiye da sau uku a shekara, waɗanda ke hawa kan kowa.

Shigar baƙi

A zahiri, a bakin ƙofa ƙungiya ta fi nuna ƙarfinta. Inda haramci ya gagara, sai ta sa a yi wa kowane baƙo rajista, ta iyakance katin shiga da takardar ajiye mota, ta ƙayyade yawan masu shiga wurin ninƙaya. Shari'ar Watts da Oak Shores ta 2015 ce aka fi ambata a nan. Kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta amince wa wannan ƙungiya ta bakin tafkin Nacimiento ta hana hayar da ba ta kai kwana bakwai ba, ta iyakance motoci da kwale-kwalen da 'yan haya za su shigo da su, ta kuma karɓi ƙarin kuɗi daga masu bayar da haya, tunda baƙinsu suna ƙara wa ƙungiyar ɗawainiya.

Wahalar ita ce rarrabe ɗan haya da ɗan'uwan da ya zo ziyara, abin da mai gadi ba zai gane a fuska ba. Ikon ƙungiya ma yana da iyaka: dokar tarayya ta 1968 kan adalci a harkar gidaje ta hana wariya saboda launi, addini ko asalin ƙasa, kuma gyaran 1988 ya ƙara da naƙasa da iyalai masu yara. Idan baƙo ya karya doka, mai gidan ake ci tara. Lasisin da hukumar gari ta ba shi na yin haya kuma bai soke sharuɗɗan ƙungiyarsa ba.