Rundunar Kashe Gobara ta Garwa

Rundunar kashe gobara ta Garwa reshe ce ta rundunar 'yan kwana-kwana ta ƙasar Kamaru, wadda sunanta na hukuma da Faransanci shi ne Corps National de Sapeurs-Pompiers. Ita ke da alhakin kashe gobara da ceton rayuka a Garwa, babban birnin Yankin Arewa, da garuruwan da ke kewaye da shi. A bakin mutanen gari an fi jin "pompiye", Hausawan da suka saba da Yola da Kano kuwa sukan ce 'yan kwana-kwana. Lambar kiransu ta wayar hannu ita ce 118, kuma kiran kyauta ne.

Babban abin da ya raba su da takwarorinsu na Najeriya shi ne, waɗannan sojoji ne. A Najeriya mai kashe gobara ma'aikacin gwamnatin jiha ne ko ta tarayya. A Garwa kuwa yana da muƙamin soja, yana ƙarƙashin dokar soja, kuma daga bariki yake fita aiki.

Asali

Kafin zuwan mota da famfo, kashe gobara aikin unguwa ne. Ɗakuna na jinka ne, danga ta zana, rumbu kuma yana jingine da ɗaki. Da an ji kururuwa sai a fito da tulu da bokiti, wasu su watsa ƙasa, masu ƙarfi kuma su yaye jinkar ɗakin maƙwabci su kwantar da danga, don wuta ta iso ta tarar babu abin ci. Wannan dabara ta yanke wa wuta hanya ba ta tsufa ba, har yau da ita ƙwararru ke tsare layin rumfuna a kasuwa. Bayan an kashe sai a shiga jaje, a haɗa gudummawa ta hannun mai unguwa, wanda Fulani ke kira jauro.

Girman gari ne ya fi ƙarfin wannan tsari. Garwa ta zama tashar jiragen ruwa a kan kogin Binuwai, ta zama hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON da aka kafa a 1974, aka kammala madatsar Lagdo a 1982, ga filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, ga ma'ajiyar man fetur. Ƙidayar 2005 ta samu kusan mutum 236,000 a birnin. Bokiti ba ya kashe tankin fetur.

Tsarin da Kamaru ta ɗauka na Faransa ne. A 1810 gobara ta tashi ana tsakiyar liyafa a gidan jakadan Ostiriya a birnin Paris, ta hallaka mutane, sai a 1811 Napoleon ya mayar da masu kashe gobarar birnin bataliyar soja. Daga nan ne wannan salo ya bazu zuwa ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci. Kamaru ta kafa tata rundunar ta ƙasa da dokar shugaban ƙasa a watan Afrilun 1986. Bayan wata huɗu, ranar 21 ga Agusta, iska mai shaƙe numfashi da ta taso daga tafkin Nyos a arewa maso yammacin ƙasar ta kashe fiye da mutum 1,700, abin da ya sa a Disambar shekarar aka yi dokar sake tsara aikin kare jama'a daga bala'o'i. An sake fasalin rundunar a 2001, tare da garambawul ɗin da aka yi wa sojojin ƙasar baki ɗaya.

Akwai wani abin da ya faru nesa da Garwa amma darasinsa ya shafe ta kai tsaye. Ranar 14 ga Fabrairun 1998, a unguwar Nsam da ke Yawunde, taragun jirgin ƙasa masu ɗauke da fetur suka yi hatsari, jama'a suka taru suna kwasar man da ke malala, wuta ta kama, fiye da mutum 100 suka mutu. Duk garin da tankoki ke ratsawa dare da rana, kamar yadda suke ratsa Garwa a kan hanyar Ngaundere zuwa Marwa da Kusseri, yana zaune da irin wannan haɗari.

Tsari

Rundunar tana ƙarƙashin ma'aikatar tsaro ta fuskar ɗaukar ma'aikata da horo da muƙamai, amma an miƙa ta ga ma'aikatar mulkin cikin gida ta fuskar aiki. Shi ya sa idan ambaliya ko babbar gobara ta auku, gwamna da hakiman gwamnati na yankin ne ke jagorantar agaji, kwamandan 'yan kwana-kwana kuma yana riƙe da umarni a kan mutanensa da kayansa a wurin da abin ya faru.

Hawa uku ne a ƙasa da hedkwatar Yawunde: babban rukuni, sai kamfanin kashe gobara (kamfani irin na soja), sai cibiyar agaji. Lambobin rukunan sun bi na shiyyoyin soja: na 10 a Yawunde, na 20 a Duwala, na 30 a Garwa, na 40 a Marwa. Cibiyar agaji ita ce wadda talaka ke gani: gareji, ɗakin karɓar waya, da masu gadi da ke kwana a shirye.

A wurin wuta ba a aikin mutum ɗaya. Kowace mota tana da shugaba da direba, wanda kuma shi ne mai kula da famfo, saura kuma bibbiyu suke tafiya. Biyu su ja tiyo su fuskanci wuta, biyu su nemo ruwa su haɗa wa mota. Ƙa'ida ce mai tsauri: tare aka shiga hayaƙi, tare za a fito, ko da iskar ɗaya ce kawai ta kusa ƙarewa.

Ruwa da lissafinsa

Nan ne zancen yake. Motar da aka fi dogara da ita a wannan tsari tana ɗauke da tanki da famfo da tiyo da mutane a lokaci guda, tankin nata kuma kusan lita 3,000 yake ci. Bakin tiyo mai fitar da lita 500 a minti zai shanye wannan tanki a minti 6. Aka buɗe biyu, minti 3 ke nan. Idan aka ji 'yan kallo suna cewa "sun zo ba ruwa", sau da yawa da ruwan suka zo, lissafin ne ya ƙare. Ruwan tanki na fara yaƙi ne kafin a haɗa da wani tushe, ba na gamawa ba.

Tushen da ya fi dacewa shi ne famfon gobara na bakin titi. A ma'aunin Faransa ana son ya ba da lita 1,000 a minti, ba yankewa. Abin da ke ɓata shi sananne ne: ƙarfin ruwan gari ya faɗi a watannin zafi, ko wutar lantarki ta ɗauke injinan tura ruwa su tsaya, ko ƙasa ta binne murfin, ko wani ya kafa tebur ko shago a kansa. In babu famfo sai jigila, wato tankokin ruwa su riƙa kai da komo, kuma kowane zuwa ɗibar ruwa dama ce ga wuta ta farfaɗo. Garwa tana da Binuwai a gefe, amma zuƙo ruwan kogi yana da iyaka: famfon mota ba ya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, dole mota ta kusanci gaɓa, dole a sa rariya a bakin tiyon zuƙa don yashi da ciyawa. Da rani kuma ruwan yakan janye ya bar faffaɗan yashi da mota mai nauyi za ta kafe a ciki.

Tiyo ma hawa-hawa ne. Mai faɗin milimita 70 shi ke ɗauko ruwa daga nesa, mai milimita 45 shi ake riƙewa a gaban wuta, kuma yawanci guntu-guntu ne na mita 20 da ake haɗawa. Ba a yin doguwar shimfiɗa da siririn, domin in yawan ruwan da ke wucewa ɗaya ne, yana zubar da ƙarfi kusan ninki goma na babban. A tsofaffin unguwanni irin su Fulɓere da Yelwa, inda lungu ba ya ɗaukar mota, tsayin tiyon da aka shimfiɗa shi ne ke nuna ko ruwa zai iso da ƙarfi ko zai iso yana ɗiga.

Mai shiga hayaƙi yana goye da tukunyar iska. Mai lita 6 da aka matse sosai tana riƙe da kusan lita 1,800 na iska, wanda ga mai aikin ƙarfi bai wuce na minti 20 zuwa 30 ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, mutumin da ke cikin kauraran kaya da kwalkwali yakan gaji kafin tukunyarsa ta ƙare, shi ya sa ake sauya su akai-akai ana ba su ruwan sha.

Matakan aiki

Ana koyar da jerin matakai da ba a tsallakewa. Shugaban mota ya fara zagaya wurin ya ga me ke ci, ina iska ke kaɗawa, akwai mutum a ciki ko babu, an yanke lantarki ko ba a yanke ba. Ceton rai shi ne kan gaba. Sai shimfiɗa tiyo, sai farmaki, tare da jiƙa gine-ginen maƙwabta. Mataki na ƙarshe shi ne wanda jama'a suka fi rainawa: tone baraguzai, fitar da katifa da katako da buhuna, da barin masu gadi. Gobarar da aka ce ta "sake tashi" da asuba, garwashi ne da aka bari a ƙarƙashin kwano.

Duk wannan yana rataye ne a kan kiran farko. Mai kira ya faɗi unguwa da wata sananniyar alama, masallaci ko makaranta ko gidan mai, tunda lambar gida ba ta kai baƙo ko'ina. Ya faɗi abin da ke ci, ya tura yaro bakin titi ya tari mota, kada kuma ya kashe waya sai an sallame shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsaya fama da bokiti sai an ga abin ya gagara sannan a kira. A yi duka biyun tare. Masu kiran wasa kuwa laifinsu ba ƙarami ba ne, domin motar da ta fita banza ba ta nan lokacin da mai gaskiya ya kira.

Gobarar da garin ya fi sani

Lokacin hunturu da bazara ne aiki ke yawa: iska busasshiya, ciyawa ta bushe, ana jin ɗumi da garwashi a ɗaki. A kasuwa, wutar takan tashi da dare daga wayoyin da aka jona barkatai, musamman idan lantarki ya dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa ya tarar da kayan da ba a kashe ba. Rumfuna a manne, hanyoyi cike da tebura, ƙofofin ƙarfe a kulle, sai an yanka kwaɗo kafin ruwa ya ga wuta.

Sai zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalba da jarka. Ba ruwan man ne ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da murhu ko fitila a ɗaya gefen tsakar gida. Zuba masa ruwa yaɗa shi ne, domin man yana hawa kan ruwa ya tafi da wutarsa. Maganinsa kumfa ce, wadda ake samu ta hanyar gauraya sinadari kashi 3 ko 6 cikin ɗari da ruwa, ta rufe fuskar man ta hana shi iska. Ga ƙaramar wuta, yashi ko tukunyar kashe wuta mai fesa hoda sun isa, amma a sani tukunya mai kilo 6 ba ta wuce 'yan daƙiƙu goma sha, don haka gindin wutar ake nufa, ba harshenta ba.

Tukunyar gas ta girki mai kilo 12.5 tana da nata hali. In an ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. In tana cikin wuta, daga nesa ake sanyaya ta da ruwa ana fake da bango. Man girki da ya kama a kasko kuwa murfi ake kifa masa. Lita ɗaya ta ruwa tana zama kusan lita 1,700 na tururi, shi ne ke watsa man mai ci a fuskar mai girki.

Auduga ita ce wutar da ta fi ha'inci, kuma Garwa garinta ne. Ɗaurin auduga da aka matse yakan ci ta ciki kwana da kwanaki ba a ga harshe ba, ruwa kuma yana zamewa ta bayansa. Sai an janye ɗaurin da ake zargi zuwa fili, an warware shi, an jiƙa shi sashe-sashe.

Ceto da filin jirgi

Fita da yawa ba ta gobara ba ce. Akwai hatsarin mota da sai an yanka ƙarfe kafin a zaro mutum, akwai nutsewa a Binuwai, akwai ambaliya irin ta 2012 da ta raba dubban mutane da gidajensu a yankin. Rijiya tana da haɗari na musamman: iskar ƙasanta takan lalace, balle in an kunna injin fetur a ciki, sai wanda ya shiga ceto ba shiri ya zama mutum na biyu da za a ciro. Mai ceto da tukunyar iska da igiya yake sauka, wasu na riƙe da shi a sama.

Masu kashe gobarar filin jirgin saman Garwa daban suke. Suna ƙarƙashin ASECNA, hukumar kula da tsaron zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashen Afirka da dama, wadda aka kafa a 1959, kuma tana da makarantar horar da su a Duwala. Ƙa'idar sufurin sama ta duniya ta ce motarsu ta isa kowane gefe na titin jirgi cikin abin da bai wuce minti 3 ba, kuma yawan motoci da kumfar da ke tsaye a shirye shi ke ƙayyade girman jirgin da zai iya sauka. Saboda haka ba a fitar da su cikin gari sai da izini, a kuma lokacin da babu jirgin da ake jira.