Lafiyar gari tana hannun hukumar da ta fi kusa da shi

Yawancin cututtukan da ke cika asibitoci da damina, kamar amai da gudawa da taifot da zazzaɓin cizon sauro, suna somawa ne daga magudanar ruwan da ta toshe, da jujin da ya yi makonni ba a kwashe ba, da rijiyar da aka haƙa kusa da masai. Ma'aikacin lafiya yana ganin ƙarshen lamarin ne kawai, bayan an kawo yaro ruwan jikinsa ya ƙare. Farkonsa kuwa yana hannun ƙaramar hukuma, domin a mafi yawan ƙasashe ita doka ta ɗora wa kula da tsaftar muhalli da ƙananan ayyukan more rayuwa, saboda ita ce ke iya sanin wace kwalbati ce ta rufta da kuma wace unguwa ce ruwa ke kwanciya a cikinta.

A shekarar 1854 annobar kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwar Soho da ke Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan, ya gano cewa mafi yawansu daga famfon titin Broad suke shan ruwa. Amma shi ba shi da ikon rufe famfo, sai da ya je gaban hukumar yankin ya shawo kanta, sannan aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano cewa tsakanin rijiyar da wani ramin masai bai kai mita ɗaya ba. Gaskiya ne annobar ta riga ta fara lafawa kafin ranar, amma abin lura shi ne yadda aikin ya rabu, wato ilmi yana wurin likita, ikon zartarwa kuma yana wurin hukumar yanki, kuma haka lamarin yake har yau.

Dokoki ba su bar wannan nauyi a duhu ba. A Najeriya, alal misali, inda ake da ƙananan hukumomi 774, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu ginawa da gyara tituna da magudanun ruwa da fitilun kan hanya, da kwashe shara da ruwan ƙazanta, da samar da wuraren bahaya na jama'a, da kula da kasuwanni da mahautai da tashoshin mota da maƙabartu, da sa ido kan wuraren sayar da abinci. Saboda haka shugaban da ya sa aka yashe magudana bai yi wa kowa alfarma ba, aikinsa ya yi. Tsohon uzurin da aka saba ji, cewa kuɗin suna maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha, shi ma Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kansa a watan Yulin 2024, inda ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne cewa darajar waɗannan ayyuka tana cikin yin su a kan lokaci, domin ƙwari da ƙwayoyin cuta ba sa jiran a fitar da kuɗin kwangila. Ƙuda yana iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin kwana 7 zuwa 10 idan ana zafi, don haka motar sharar da ke zuwa sau ɗaya a wata ta ba shi damar hayayyafa sau da yawa kafin ta dawo. Sauro ma mako ɗaya zuwa biyu ya ishe shi a cikin ruwan da ya kwanta. Wanda ke yaɗa zazzaɓi ya fi son kududdufai da ramukan da aka haƙa wajen aikin hanya aka bar su a buɗe, yayin da wani nau'in yake hayayyafa a cikin baƙin ruwan kwata, wani kuma a cikin tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Ke nan cike rami bayan an gama aiki da yashe magudana kafin saukar ruwan farko ayyukan rigakafi ne, daidai da raba gidan sauro.

Ruwan sha ya fi komai nuna illar sakaci da gyara. Bututun da ya fashe a cikin kwata ba ɓarnar ruwa kaɗai yake jawowa ba, domin duk lokacin da aka ɗauke ruwa ƙarfin da ke cikinsa yana faɗuwa, sai ya zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi, wadda za ta fito a famfon gidaje idan ruwan ya dawo. Haka nan ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma wannan ba ya tabbata sai da duba-gari da ke zagayawa, yana da abin hawa da ikon hana gini tun yana matakin tushe. A ganina, hukumar da ta haƙa sababbin rijiyoyin burtsatse goma alhali ashirin na baya sun lalace ba ta yi abin yabo ba, sai dai sabon aiki yana zuwa da bikin buɗewa, gyara kuwa babu mai ɗaukar hotonsa.

Kwashe shara ma rabin aiki ne idan ba a tanadi inda za a kai ta ba. Ƙona ta a tsakiyar unguwa yana fitar da hayaƙi mai guba daga leda da roba, tara ta ba tsari kuma yana da nasa haɗarin, kamar yadda aka gani a watan Maris na 2017 lokacin da tsaunin shara na Koshe ya zaftare a Adis Ababa ya hallaka sama da mutum 100.

Jama'a ma suna da nasu kason, domin babu hukumar da za ta iya da garin da mazaunansa ke juye shara a magudana da zarar hadari ya haɗu, ko suke gini a kan hanyar ruwa. Amma babban abin da ya rage musu shi ne bibiya. Ya kamata ƙungiyar unguwa ta fara tantance wanda ke da alhakin kowane aiki, tunda a manyan birane da dama gwamnatin jiha ko ta lardi tana da tata hukumar shara da ta ruwa, kuma a tsakanin ofisoshin biyu ne koke yake ɓacewa. Bayan haka sai a rubuta koken, a ambaci titi da wurin da matsalar take, a kai wa kansila da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata. Buƙatar gyaran kwalbati ko magudana a shigar da ita lokacin da ake tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa, ta yashe magudanu kuma a kai ta tun da rani, watanni kafin ruwan farko.